Amsa ga mai tambaya a kan Bennett da Kelly

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a gaban 'yan gasarmu duka: wai da wane ma'auni na ɗora Charlie Bennett a kan King Kelly a jerin masu cafe ƙwallo (masu tsugunawa a bayan mai dukan ƙwallo, su tari wadda mai jifa ya jefo) na kakar wasan besbol na Amurka ta 1886 da muke sake bugawa a kwamfuta, ko kuwa don ƙungiyar Detroit tana hannuna ne? Ƙarshen maganar zargi ne, kuma shi zan fara taɓawa.

An kammala jerin nan tun kafin a yi ƙuri'ar raba ƙungiyoyi, kuma kana cikin waɗanda aka aika wa. A lokacin ba ka ce uffan ba. Sai da Chicago ta faɗo hannunka, Kelly ya zama naka, sannan idonka ya buɗe. Ruwa dai ba ya tsami banza. Da son kai nake yi, me zai hana in sa Bennett na ɗaya? Buck Ewing na New York ne a saman jerin, kuma ba shi da alaƙa da ni.

To, ga ma'aunin. Ba wanda yake ja da Kelly wajen dukan ƙwallo da sanda. A 1886 shi ya fi kowa a gasar National League, ya yi bugu mai nasara 388 cikin kowane yunƙuri dubu, kuma shekarar da ta biyo baya Boston ta biya dala 10,000 ta ɗauke shi. Amma jerin masu cafewa na rubuta, ba na masu duka ba. A tsawon wasansa Kelly ya fi tsayawa can bayan fili fiye da tsugunawa a bayan mai duka. Bennett kuwa nan ne wurin zamansa, kuma shekara da shekaru shi ne ya fi ƙarancin kuskure a cikin takwarorinsa.

Ka san abin da tsugunon nan yake nufi a lokacin? A 1884 aka halatta jifa ta saman kafaɗa, ƙwallo ta ƙara gudu, alhali tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 50 ce kawai. Abin kare fuska bai fi shekara tara da fitowa ba, tun da Jim Tyng ya fara sa shi a jami'ar Harvard a 1877. Abin kare ƙwauri sai 1907, a ƙafar Roger Bresnahan. Safar hannun siririyar fata ce, yatsu a waje. In babu kowa a tashoshi, wato wuraren da mai duka yake gudu ya taka bayan ya doki ƙwallo, mai cafewa yakan ja baya ya jira ƙwallo ta yi tsalle. Da zarar wani ya hau tasha, dole ya matso har gindin sanda, ya tari jifa da yatsun da suka sha karaya suka karkace. Wanda ya jure wannan kaka bayan kaka ya ba ƙungiyarsa abin da lissafin duka ba ya nunawa. Saboda haka na ba yawan wasannin da mutum ya tsuguna nauyi mai yawa.

Batun ƙwallon da ke suɓuce wa mai cafewa, rabin laifin na mai jifa ne, shi ya sa na rage wa wannan ma'auni nauyi. Satar tasha kuma, wato mai gudu ya zarce zuwa tasha ta gaba ba tare da an doki ƙwallo ba, a 1886 aka fara ƙidaya ta, da wata ƙa'ida dabam da ta yau, ba abin dogaro ba ce sosai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da aka nemi masu taya shigar da alƙaluman tsofaffin kakanni, sai kowa ya yi gum, har da kai, ranka ya daɗe. In jeri ya fito kuma, kowa ya zama alƙali. Alƙaluman 1887 suna nan suna jira, shekarar da Detroit ta ɗauki kofi. Na ajiye maka masu cafewa na ƙungiyoyin gasar guda takwas, ka jera mana su yadda ka ga dama, mu ma mu samu abin tambaya.

Wassalam.