Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kawu, kan wutar da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya.

Ranar Lahadi a taron unguwa a Aboabo, da aka ɗauke wuta ana tsakiyar jawabi, ka miƙe a gaban jama'a ka ce mini: "Kai da ka yi aikin lantarki a ramin zinariya na Obuasi, an ce Kenya daga ƙarƙashin ƙasa take samun wuta. Mu me ya hana mu? Ga tafkin Bosomtwe nan kusa, ba bakin dutse mai aman wuta ba ne?" Kiran sallah ya raba mu ban amsa ba. Tunda a fili ka tambaya, ga amsar a fili.

Zafin ƙasa gaskiya ne, jikina shaida ne. A Obuasi, inda rami ya nutsa kusan mita 1,500, kafin mutum ya ɗaga guduma rigarsa ta jiƙe sharkaf. Galibi duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. A wasu wurare kuwa narkakken dutse yana kusa da sama, sai ya dafa ruwan da ke tsakanin duwatsu. In aka haƙa rijiya, tururi ya taso da ƙarfi ya juya inji, inji ya ba da lantarki, a mayar da ruwan ƙasa ya sake zafi. Ba a sayen mai, ba a jiran damina. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, mun san darajar wannan.

A Larderello ta Italiya aka fara kunna ƙwan fitila da irin wannan tururi a 1904. Kenya ta buɗe tashar Olkaria kusa da Naivasha a 1981, yau kimanin kashi 40 cikin 100 na wutarta daga nan yake fitowa. A Aislan, kusan gida 9 cikin 10 da ruwan zafi na ƙasa ake ɗumama su.

Sai dai Kawu, Allah bai raba wannan arziki daidai ba. Kenya tana kan babban tsagin da ya ratsa gabashin Afirka, inda ƙasa ke rabewa. Mu dutsen da ke ƙarƙashinmu tsoho ne ƙwarai, ya daɗe da hucewa. Rijiyar kilomita 2 zuwa 3 a Olkaria tana kai wa ga zafi sama da digiri 200. Irin wannan zurfin a Kumasi da kyar ruwa zai tafasa. Bosomtwe ma ba aman wuta ya haƙa shi ba, wani dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Don haka duk wanda ya zo unguwa yana tara kuɗi da sunan haƙo mana lantarki daga ƙasa, ina roƙonka kada ka sa masa albarka.

Amma akwai abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma kai ka riga ni saninsa. Ruwan rijiyar gidanka da asubar hunturu ɗumi yake, da azahar ɗin bazara kuma sanyi. Ba ruwan ke sauyawa ba, iskar waje ce. Mita kaɗan a ƙasa, zafi yana tsayawa wuri ɗaya duk shekara, a nan wajenmu kusan digiri 26. Ana binne bututu, ruwa ya riƙa zagayawa yana kwashe zafin ɗaki yana zubewa a ƙasa. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aika zafinta can ba ta shan wuta kamar wadda ke kokawa da iskar rana. Ribar ba ta kai ta ƙasashen sanyi ba, kuma kuɗin binne bututun yana da nauyi, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da sabon gini babba, kamar makarantar Islamiyyar da kwamitinku ke shirin ɗorawa.

Kafin a zuba harsashi, ka ba ni izini in zo ranar Asabar da ma'aunin zafi. Mu auna ruwan rijiyar masallaci da asuba da kuma azahar, yaran makaranta su rubuta lambobin da hannunsu.

Ɗanka,
tsohon ma'aikacin lantarki, Asawase, Kumasi