A Tuna da Masu Ƙafa da Masu Keke Idan Kogin Kaduna Ya Cika

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan mutanen da ba a cika tunawa da su ba idan ana batun ambaliya a Kaduna, wato masu bin hanyoyin bakin kogi da ƙafa ko a kan keke zuwa wurin neman abinci.

Kusan kowace damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, Kogin Kaduna yakan tumbatsa ya malala cikin unguwanni irin su Kigo Road da Bashama Road da Unguwar Rimi da Rafin Guza, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba su manta da ita ba. Akan ƙirga gidajen da suka rushe a kai tallafi, hakan kuwa daidai ne. Amma tun kafin ruwa ya kai ƙofar gidan kowa, ya riga ya shanye 'yar hanyar da lebura da ɗan makaranta da mai kai ɗanyar masara kasuwa suke yankewa ta cikinta, domin ba kowa ke da kuɗin Keke Napep na zagaye ta babban titi safe da yamma ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso, saboda haka ruwan da aka tafka a can yana iya iso mana alhali sararin samaniyar Kaduna garau yake. Mutum zai fito da asuba bai ji ko yayyafi ba, sai ya tarar da jan ruwa ya rufe hanya, ba ya ganin ƙasa, bai kuma san ko gefen hanyar ya zaizaye ta ƙarƙashi ba. Sai ka ga dattijo ya naɗe wando, ya saɓa keke a kafaɗa, yana laluben wurin taka ƙafa, alhali ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, balle yaro mai jakar littattafai. Ko bayan ruwan ya janye, laka takan cushe sarƙar keke, birki ya ƙi kamawa, ga ƙazantar kwata da ta gauraya da taɓon.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, da takwararta mai sa ido kan koguna da ambaliya, wato NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, kuma yana da amfani, sai dai hasashen shekara ba zai gaya wa mai keke ko hanyarsa za ta biyu a safiyar yau ba. Don haka nake roƙon hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu su kafa turaku masu fenti a wuraren da ruwa ke fara hawa, a yi musu jan layi inda bai kamata kowa ya shiga ba. Gidajen rediyonmu kuma su riƙa faɗin matakin kogin da Hausa bayan sallar asuba, lokacin da mutane ke shirin fita.

Masu unguwanni sun san kowane lungu da ruwa ke fara ci, saboda haka a fara da tuntuɓarsu tun a watan Yuni, a kuma ba matasansu tsakuwa da buhunan yashi su ɗaga wuraren da suka fi kwari.

Naka,
Wani mai karatu,
Unguwar Rimi, Kaduna.