Zuwa ga 'yata, kan rigimar Darwin a ajinku

Assalamu alaikum, Uwata. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya.

Saƙonki ya iso. Na yi dariya da na karanta cewa malami na ambatar Darwin, masanin nan na Ingila mai maganar yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, rabin aji suka hau a'uziyya, wani daga baya ya ce kakan malam ne biri. Kin tambaye ni ko ki haddace don jarrabawa ki zubar a bakin ƙofa. A'a. Ki karanta shi sosai, domin kafin ki ƙaryata mutum ko ki gaskata shi, sai kin san abin da ya faɗa da bakinsa.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Shekaru na yi ina koya wa yara cewa raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya don cin ganye har wuyan ya yi tsawo, 'ya'yansa suka gada, ina cewa wai maganar Darwin ce. Ashe ta Lamarck ce, Bafaranshe, tun 1809, shekarar da aka haifi Darwin. Shi Darwin cewa ya yi 'ya'ya ba sa zuwa iri ɗaya, abinci ba ya isar kowa, wanda halittarsa ta fi dacewa da wurin shi ya fi rayuwa ya bar zuriya. Ya yi shekara biyar a jirgin ruwa Beagle, daga 1831 zuwa 1836, ya dawo ya yi gum fiye da shekara ashirin. Sai da wani masanin halittu mai suna Wallace ya aiko masa da wasiƙa a 1858 daga tsibiran da ake kira Indunusiya yau, ɗauke da tunani irin nasa, sannan Darwin ya fitar da littafinsa a 1859. Kuma a littafin nan da ƙyar ya taɓo mutum. Sai 1871 ya fito fili. Masu wannan ilimi ba su ce gwaggon birin yau ya haifi mutum ba, cewa suke yi sun haɗa kaka can da nisa.

Za ki ji ana cewa Jahiz na Basra ya riga shi da shekara dubu. Ya dai rubuta yadda dabbobi ke cin juna da yadda ƙasa ke tasiri a jikin mazaunanta, amma kar ki kai shi inda bai je ba.

Ga abin da na fi so ki lura da shi. Darwin ya yi hasashen cewa Afirka ce mafarin ɗan Adam, amma Turawan lokacin ba su so haka ba. A 1912 aka ce an tono ƙoƙon kan mutumin farko a Piltdown, cikin Ingila, manyan masana suka yi na'am. Da Raymond Dart ya samu ƙoƙon kan yaron Taung a Afirka ta Kudu a 1924, sai aka yi masa kunnen uwar shegu. Sai a 1953 asirin ƙoƙon Piltdown ya tonu: kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran. Shekara arba'in ana koyar da jabu! Amma ki lura, masanan ne da kansu suka kama ƙaryar ta hanyar gwaji. Bayan haka ƙasar Afirka ta yi ta fito da ƙasusuwa: Lucy a Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da Toumaï nan maƙwabta, a hamadar Jurab ta Chadi, a 2001, mai kusan miliyan 7.

An kuma yi ɓarna da sunan wannan ilimi. Galton, ɗan'uwan Darwin, ya kawo aƙidar tace jinsin mutane, 'yan mulkin mallaka suka samu hujjar jera mu a ƙasan tsani. A 1906 an ajiye Ota Benga, mutumin Kwango, a gidan namun daji na New York, wurin birai. Idan kakanninmu sun ƙi jin maganar, ba banza ba.

Duk da haka kar ki raina abin da ke aiki a gabanki. Mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa sikila ta yi yawa a ƙasashenmu. Wani masani mai suna Allison ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. Kuloroƙwin da muka sha muna yara ya daina aiki don ƙwayoyin da suka tsira su suka hayayyafa. Likitan da bai gane wannan ba zai cuci marasa lafiya.

Batun Annabi Adamu, alaihis salam, kin san abin da aka tarbiyyantar da ke a kai. Ni ba malamin tafsiri ba ne. Ki kai tambayarki wurin malamin da ya karanta ɓangarorin biyu, ki guji mai zagi kawai, ko na aji ne ko na zaure.

Innarki na gaishe ki, ta ba direba kuka da daddawa ya kawo miki ranar Asabar. In kin zo hutu ki taho min da littafin nan naku, ina so in ga yadda suka rubuta labarin raƙumin dawa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki