Zuwa ga ɗalibar da ta tambaye ni a taron Aboabo

Assalamu alaikum, 'yata.

Ranar Asabar, a taron da matasa suka shirya wa ɗaliban unguwar Aboabo a nan Kumasi, Ghana, kin miƙe a gaban iyaye da malamai kin ce: "Anti, shekara nawa kina jinyar masu raunin laka, wace lambar yabo aka taɓa ba ki? In na bi sahunki, wa zai san da ni?" Aka yi dariya, wata ma ta ja miki mayafi ki zauna. Ni kuwa kiran sallar la'asar ya cece ni, don ba ni da amsa a baki. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, ga amsar a inda kowa zai gani.

Ba a taɓa ba ni lambar yabo ba. Shekara 23 ina aikin nas, abin da ke rataye a ɗakina takardar shaidar kammala karatu ce da kalandar masallaci.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Mutane na yaba abin da idonsu ya gani. Likitan tiyata ya shiga da mutum, ya ɗaure ƙashin baya da ƙarfe, ya fito, dangi na jiransa a ƙofa. Ya cancanci godiyar, ban hana ba. Amma lakar da ta tsinke ba ta haɗewa da ƙarfe, har yau duniya ba ta samo maganin da ke mayar da ita yadda take ba. Daga nan aikin ya dawo hannunmu, mu da masu gashin ƙashi da masu koya wa majinyaci sabon zaman rayuwa. Kuma nasararmu duk abin da bai faru ba ne: gyambon kwanciya bai fito ba, fitsari bai koma ya lalata ƙoda ba, huhu bai cika da majina ba. Wa zai yi walima saboda gyambon da bai fito ba?

Bari in kai ki ɗakin da ƙarfe biyun dare. Mu uku muke tsayawa a gefen gado, ɗaya ta riƙe kai da wuya, biyu su riƙe kafaɗa da ƙugu, a ƙirga, a juya mutum gaba ɗaya kamar gungumen itace don kada bayan ya murɗe. Sai in haska tocila a gindin baya da dugadugai. In na ga ja, in danna da yatsa. Ya yi fari ya dawo, alhamdu lillahi. Ya ƙi canza launi, fata ta fara mutuwa ke nan, shi kuwa bai ji komai ba. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a miƙe zanin gado kada ko ninki ɗaya ya rage. Ƙarfe huɗu a sake. Wani daren mai raunin wuya zai ce kansa na sarawa, ki ga gumi na keto masa a goshi, hawan jini ya yi sama. Sabuwar nas za ta ruga neman maganin ciwon kai. Wadda ta san aikin za ta zaunar da shi, ta bi robar fitsari da hannu, ta tarar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Ta warware ta, mutum ya dawo. Da safe abin da za ki gani a rubuce: ya kwana lafiya.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin ilimi ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka sami raunin laka cikin 'yan makonni suke rasuwa, kuma gyambo da ciwon mafitsara ne ke kashe su. A 1944 wani likita Bayahude da ya tsero daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Abin da ya dage a kai shi ne wannan juyin na kowane awa biyu, da fitar da fitsari cikin tsafta, da tilasta wa majinyata motsa jiki. A 1948 ya haɗa musu gasar harbin kibiya, mutum 16 kacal, ita ce ta girma ta zama wasannin nakasassu na duniya da aka yi a Roma a 1960. Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 1966. Ki ƙirga, shekara 22 bayan fara aikin. Sunansa ya shiga tarihi, amma hannuwan da suka yi ta juyin dare, ban san sunan ko ɗaya ba.

Ƙungiyar masana raunin laka ta duniya da Guttmann ya kafa a 1961, wadda yanzu ake kira ISCoS, tana ba da lambar girma ga waɗanda suka yi fice a fannin, ita ce kuma ta ware 5 ga Satumba a matsayin ranar masu raunin laka. Ki tambayi mutum goma a kasuwar Kejetia ko sun san da ranar. Amma kowa ya san Juma'ar farko ta Disamba ta manoma ce, har gida an sha ba gwarzon shekara. Ba hassada nake yi ba, mahaifina manomi ne.

Sai dai ni yanzu allon katako mai sunana ba shi ne damuwata ba. Karramawar da ke riƙe mutum a aiki ita ce a yarda ƙwarewarsa ƙwarewa ce: a ba ta suna, a ba ta matsayi, albashi ya nuna. An sami ci gaba. Dokar 2013 ta kafa hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi da takwarorinsu rajista, akwai kuma kwalejin ƙasa da ke horar da nas-nas da ungozoma su zama ƙwararru. Lokacin da na fara babu waɗannan. Duk da haka na taɓa ganin an ɗauke nas da ta shekara takwas a kan masu laka, aka mayar da ita wani sashe don cike gurbi, kamar an matsar da kujera. Yanzu tana Ingila.

Kin ce bincike kike so. To, nan ne nake ganin ƙofarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun wannan rauni kowace shekara a duniya. Amma labarin namu, wa ya rubuta shi? Ɗan okada da jama'a suka ciccibo suka cusa a bayan tasi, wuya na lilo. Ɗan galamsi, mai haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da rami ya rufta masa. Wanda aka fara kai wa mai ɗori, sai bayan mako uku aka kawo shi asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu. Sannan in an sallame shi, ya koma gidan haya a Zango: lambatu a bakin ƙofa, matakala uku, banɗaki na jama'a. Nawa ne ke kai shekara biyu a raye bayan sallama? Me ke kashe sauran? Duk wadda ta bi su gida gida ta rubuta wannan da tsari, za a karanta ta har a ƙasashen waje. Ni na riƙe komai a ka, ban rubuta ba, kuma wannan laifina ne.

Akwai wani makanike daga Magazin ta Suame, unguwar makanikai, da mota ta zame daga jak ta danne masa baya. Wata huɗu muka yi da shi. Makon farko ko kallonmu ba ya yi, fuska na bango. Ranar da ya iya zamewa daga gado zuwa keke a kan ɗan katako shi kaɗai, sai da ya sa aka kira masa matarsa a waya. Danginsa rago suka kai wa likitan tiyata, mu aka ce mana sannu da aiki. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Bara na wuce ta wajen, na gan shi a kan benci yana kwance kan sitata, yara biyu na koyon aiki a gabansa. Ya ƙwala mini kira, "Maame nas!", ya ɗaga riga a tsakiyar mutane wai in duba bayansa, babu gyambo.

Ki gaya wa mahaifiyarki ta kwantar da hankali, ba zan ja ki da ƙarfi ba. In har kina so ki gani da idonki, ki nemi takardar izini daga makarantarku ki zo ki kwana ɗaya da mu. Ki sa takalmi mara tsini, ki yanke farce, ki zo da littafin rubutu.

Antinki,
daga Asawase, Kumasi.