Riɗi da zoɓonmu a kasuwar duniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan ƙananan 'yan kasuwarmu masu son kai kaya ƙasashen waje.

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau a Kano ya san kaya ba su yi mana ƙaranci ba. Riɗinmu na zuwa Japan da Turkiyya, zoɓonmu kuma Meziko ce babbar mai sayensa. Amma wa ke cin ribar? Manyan kamfanoni masu injin tacewa da takardun shaida. Ƙaramin ɗan kasuwa yana sayar musu da buhu a farashin da suka yanka.

Abin da ya fi damuna shi ne inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari irin fiya-fiya da ake zubawa lokacin ajiya. Sakacin wasu ya rufe wa kowa ƙofa. Mai saye a waje yana gwada kaya a ɗakin bincike, kuma ba ya son tsakuwa ko danshi.

Mutum ɗaya ba zai cika kwantena ba. Idan 'yan kasuwa ashirin suka kafa ƙungiya, suka sayi injin tacewa tare, suka yi rajista da NEPC, wato hukumar bunƙasa fitar da kayan Najeriya zuwa ƙasashen waje, za su iya ciniki kai tsaye. Ina roƙon gwamnatocin Kano da Jigawa su samar da ɗakin gwajin amfanin gona kusa da kasuwanni, da kuɗin da talaka zai iya biya.

Mai karatunku,
daga Kano