Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan karatun Ummi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gidanmu na Jekadafari a Gombe. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Sanyi ya shigo Landan, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, amma aikin daren da nake yi a gidan kula da tsofaffi a cikin ɗaki ne mai ɗumi, saboda haka ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne labarin da Goggo ta ba ni, cewa tun farkon wannan zango an cire Ummi daga firamare, an ɗaukar mata malami yana zuwa gida yana koya mata. Na zaɓi in rubuta ne domin a waya ina jin nauyinka, kuma maganar ta hana ni barci.

Na san ba da wata mummunar manufa ka yi ba. Mamanta ta sha gaya mini yadda ajinsu yake, yara cunkus, malama ɗaya, waɗanda ba su sami benci ba suna zaune a ƙasa, Ummi tana dawowa yunifom ɗinta duk ƙura, littafinta kuma babu alamar jan biro. Ni da kaina na gwada ta ranar da muka yi magana ta bidiyo. Ta rera mini lissafin sau tun daga sau biyu har sau shida ba tare da tuntuɓe ba, amma da na ce ta ɗauko kwalin sukari ta karanta mini abin da ke jikinsa, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Yarinya 'yar aji uku ke nan. Don haka damuwarka tawa ce, ban kuma raina ƙoƙarinka ba.

Duk da haka, Yaya, roƙona shi ne a mayar da ita makaranta.

Goggo ta ce ka kafa hujja da cewa ko a ƙasashen Turawa ana koyar da yara a gida. Gaskiya ne a wasu wurare. A nan Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da ɗansu, ko a makaranta ko ta wata hanya, kuma ƙaramar hukuma tana iya bincikar iyayen da take zargin ɗansu ba ya samun karatu. A Jamus kuwa ba a yarda da shi ba. Akwai wata maƙwabciyata a nan Landan da take koyar da 'ya'yanta a gida, kuma na ga abin da hakan yake ci. Ta bar aikinta gaba ɗaya, kullum da safe tana zaune da su a tebur, suna zuwa laburare suna aro littattafai kyauta, wuta ba ta ɗaukewa, intanet bai yankewa, kuma idan lokacin babbar jarrabawa ya zo, daga aljihunta za ta biya. Ka dubi gidanmu da idon basira. Maman Ummi ga goyo ga girki, kai kana kasuwa tun safe, malamin kuma awa biyu yake yi ya tafi, ranar da ya sami wani uzuri ba ya zuwa, babu mai tuhumarsa. Wa yake duba abin da ya koyar?

Sauran sa'o'in yinin su ne suka fi tayar mini da hankali. Yarinyar da take gida da hantsi ita ake aike niƙa, ita ake miƙa wa jariri, ita ake cewa ta wanke kwanuka kafin malam ya iso. Ba na zargin kowa, haka gidan yawa yake. Amma mu biyu mun ga yadda ta kasance da Auta, da aka ce ta ɗan zauna zango ɗaya ta taimaki Inna, daga nan ba ta sake komawa aji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba na so Ummi ta saba da cewa karatu abu ne da ake yi idan an gama aikin gida.

Ga kuma maganar takarda. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yarinyar da sunanta ya fita daga rajista ba ta da sakamakon zango, ba ta da shaidar kammala firamare, kuma ni burina ta nemi shiga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bajoga idan ta kai. Da wane hedimasta za mu je ya sa mata hannu?

Na san ni ne na tafi na bar maka wannan nauyi, kuma mutumin da ke nesa bakinsa yakan fi hannunsa tsawo. Wani lokaci idan na ga yaran nan sun fito da safe iyayensu na riƙe da hannunsu, sai in ji kamar in haɗa kayana. Amma saboda karatun yaran nan na fito, kuma tun da na zo ban taɓa barin kuɗinsu ya yi latti ba.

Jiya na turo Naira 150,000 a asusunka. Kuɗin karatun Ummi ne kaɗai. Don Allah kada a haɗa shi da kuɗin ginin Tumfure, na gini zai zo daban ƙarshen wata. A ciki a ɗinka mata yunifom kala biyu, a sayo takalmi da jaka da littattafan rubutu, a ware mata kuɗin tara na kullum a hannun mamanta. Ka je da kanka wurin hedimasta ka roƙi a mayar da sunanta, ka kuma tambaya ko iyaye za su iya haɗa kuɗi a yi wa ajin benci ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai, ni zan ba da nawa kason.

Malamin kuma kada a sallame shi. Ya riƙa zuwa Alhamis da Juma'a da yamma, tunda babu Islamiyya, da kuma Asabar da hantsi. Abu ɗaya nake so ya sa a gaba, wato ta iya haɗa baƙi ta karanta da kanta, Hausa tukuna sannan Turanci, ya bar haddar da ba ta san ma'anarta ba. A riƙa biyansa ƙarshen wata bisa ranakun da ya zo. Ina sake jaddadawa, Yaya, kuɗin nan na Ummi ne, ko wani ya zo da larura kada a taɓa shi, a kira ni.

Idan kana da wani dalili da ban sani ba, ko wani abu ne ya same ta a hanya ko a aji da aka ɓoye mini don kada hankalina ya tashi, ina roƙonka ka faɗa mini, sai mu nemi wata firamaren gwamnati a Bolari ko Herwagana. Zan kira ranar Lahadi bayan Azahar ɗinku in ji yadda kuka yi da hedimasta.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaida Goggo, kada kuma ka ga laifinta, ni na matsa mata da tambaya.

Wassalam,
ƙaninka.