Kafin ka sayi sabon famfon mai, ka fara shinshina tanki

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motoci, musamman waɗanda suka jingine su tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, don a nan Zariya in ka bi lungunan Tudun Wada zuwa Gyallesu ba ka rasa ganin mota a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana.

Tamu ce ta sa na rubuto, Peugeot 504 ta Babanmu, irin haɗin Kaduna ɗin nan, ta fi shekara biyu ba a taɓa ta ba. Da bikin ƙanwata ya matso na ce bari in tashe ta ko ta ɗebi 'yan kai amarya, na aro batir, kik na juyawa lafiya lau amma injin ko tari. Wani bakanike ya zo, wallahi ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce famfon mai ne a sayo sabo. Na sayo aka ɗaura, ta tashi kamar da gaske, ba mu kai Ƙofar Doka ba ta fara shaƙewa ta mutu a tsakiyar titi masu Keke na ta danna mana hon.

Wani dattijon makanike a Sabon Gari ne ya fitar da ni. Bai ɗauki sifana ba, murfin tanki ya buɗe ya shinshina ya ce "ɗana ai wannan ya tashi daga fetur, ya koma fenti." Ashe in fetur ya daɗe a ajiye ja yake yi ya yi danƙo, ga tankin ƙarfe in ba a cike yake ba yana tara raɓa ya yi tsatsa ta ciki, duk wannan dattin shi ke zuwa ya toshe filta da hanyar mai. Sai ya zare tiyon da ke shiga kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya zura a gorar ruwa ya ce in buga kik, mai na zuwa ɗis ɗis kamar hawaye. Ya mayar, ya ciro wanda ke tahowa daga tanki ya tsoma a galan ɗin sabon fetur, nan take ta kama ta zauna daram. Kenan famfo ba shi da laifi. Har tsohon na ɗauko masa daga but ya gwada da hannu, yana zuƙa yana turawa ras.

Na ce Baba to yaya ake gane in shi ɗin ne ya mutu? Ya ce robar da ke cikinsa ce ke bushewa ta tsage in mota ta daɗe a tsaye, sai fetur ya riƙa sulalewa cikin baƙin mai, don haka ka zaro gejin baƙin mai, in ka ji warin fetur ko ka ga baƙin man ya ƙaru ya tsinke to a canja famfo a juye baƙin man gaba ɗaya. Motoci masu injekta maimakon kafireta kuwa famfonsu na lantarki ne, yawanci a cikin tanki yake, ka murɗa makulli kar ka tayar ka kasa kunne, in ba ka ji ɗan kukansa na daƙiƙa biyu ko uku ba a fara duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfon wuta, tukuna.

Mun sauke tanki aka wanke, abin da ya fito kamar dusar jan dawa, aka canja filta da tiyoyin da suka farfashe. Don Allah mai yin wannan gwajin na tiyo da galan ɗin fetur ya yi a fili nesa da murhu da masu shan taba.

Edita da za ku riƙa ware mana shafi kuna tattaunawa da irin waɗannan tsofaffin makanikan da mun ji daɗi. Ni dai tsohon famfon na nan a but, mai shago kuma ya ce ba ya karɓar kayan da aka riga aka ɗaura.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya